Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Siririn Layi: Yadda Ake Gane Ma'auninsu da Inda Ake Samun Kayansu

Wanda yake son haɗa ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki a kan tebur, wajibi ne ya rarrabe lissafi biyu kafin ya fitar da ko dala ɗaya, domin a nan ne yawancin masu farawa suke asarar kuɗinsu. Na farko shi ne ma'aunin girma, wato sau nawa aka rage jirgin gaske kafin a sami ƙaramin. Idan aka rubuta 1:87, ana nufin kowace mita 87 ta gaske ta koma mita ɗaya. Na biyu shi ne faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo guda biyu, kuma da milimita ake auna ta. Jirage biyu suna iya hawa layi ɗaya alhali ɗaya ya kusan ninka ɗaya a girma, kamar yadda biyu suke iya zama girma ɗaya amma kowanne da layinsa.

Layin da ya fi yawa a duniya faɗinsa milimita 1435 ne, kuma duk wanda bai kai haka ba shi ake kira siririn layi. Mu a Damagaram jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garinmu ba, amma tsofaffin layukan da ke kewaye da mu sirara ne. Dogon Najeriya da ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1067. Wanda ya tashi daga Kwatano zuwa Paraku, da wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, mita ɗaya ne cif. An kuma yi wani ɗan siriri mai milimita 762 daga Zariya zuwa Jos saboda jigilar kuza, har aka rufe shi a 1957. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa mai 1435 ne, saboda haka ba ya cikin wannan magana.

Hanyar zaɓe ita ce mutum ya fara tsayar da jirgin gasken da yake so ya kwaikwaya, sannan ya raba faɗin layinsa da ma'aunin girma. A ɗauki dogon Kano: 1067 a raba da 87 ya ba da 12 da ɗan ɗoriya, saboda haka layi mai milimita 12 ya dace da shi. Mita ɗaya a raba da 87 kuma ta ba da 11.5, wanda shi ma da layin 12 ake yinsa, kuma a kasuwa sunansa H0m. Wannan babban sauƙi ne gare mu, tun da layi guda ya wadatar da mai son jirgin Najeriya da mai son na Benin. Na Zariya zuwa Jos ya faɗa kusa da milimita 9, wanda Turawan nahiya suke kira H0e. Manyan haruffan farko suna nuna girma (H0 ko HO shi ne 1:87), ƙaramin harafin ƙarshe kuma yana nuna layi: m na mita ɗaya, e na abin da ya kai milimita 750 ko 760, f na milimita 600. Amurkawa nasu salon daban ne, sukan sa n sannan lamba, kamar HOn3, wanda ke nufin layin gaske mai ƙafa uku, ƙaraminsa kuma milimita 10.5.

Akwai tarko guda da ya kamata a kula da shi. OO9 na Ingila da H0e duk a layin milimita 9 suke tafiya, amma na Ingila 1:76 ne, don haka taragunsa da mutanensa sun ɗan fi girma, kuma ido yakan kama bambancin idan aka jera su. Haka nan layin N, wato na wasu ƙananan jirage masu kwaikwayon layin 1435, shi ma milimita 9 ne, jirgin H0e zai gudu a kansa lafiya lau, sai dai ƴan gungumen da ke ƙarƙashin dogon ƙanana ne kuma a matse suke, ba su yi kama da na siririn layi ba.

A ganina, mai zama a yankinmu ya dubi ƙura kafin ya dubi kyau. Ƙaramin jirgi daga ƙarfen dogo yake shan wuta ta tayoyinsa, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke shiga ɗaki ko an rufe taga, kan jirgi mai sauƙin nauyi yakan tsaya cik a kan ɗan ƙwayar rairayi. Shi ya sa nake fifita On30 ga mai farawa wanda bai ɗaure kansa da wani jirgi na musamman ba: girmansa 1:48 ne, layinsa milimita 16.5 irin na HO da ya fi kowane samuwa, yana da nauyi, kuma hannu yana iya gyara shi ba tare da tabarau ba. Mai son dogon Kano a babban girma yana iya bin 1:64 a kan wannan layin dai, kamar yadda ake yi a Niyuzilan, amma a nan kusan komai da hannu zai ƙera. Mai faɗin tsakar gida kuma akwai jiragen kamfanin LGB, 1:22.5 a layin milimita 45, sai dai tsadarsu ba kaɗan ba ce.

Batun masu sayarwa, sai a nemi sunayen kamfanonin da kansu. Peco na Ingila yana yin layukan OO9, H0m da masu dacewa da On30. Bemo na Jamus ya shahara da H0m, galibi jiragen Suwizalan, Tillig yana yin layi, Roco na Ostiriya yana da H0e, Bachmann kuma shi ya yaɗa On30. A Faransa akwai REE Modèles, kuma mai karanta Faransanci zai amfana da mujallar Voie Libre, wadda kan siraran layuka take magana, tallace-tallacenta ma suna nuna shagunan da ke aika kaya waje. A shafin kowane kamfani akan sami jerin dillalansa, kuma daga nan ya fi dacewa a fara, ba daga hoton da ya burge ido a intanet ba.

Kafin a biya, a rubuta wa mai shago a tambaye shi ko yana aikawa Nijar, nawa ne kuɗin aike mai lambar bibiya, kuma ko zai cire harajin TVA tun da kayan barin Tarayyar Turai za su yi. Lissafin yuro ba shi da wuya, domin yuro ɗaya sefa 655.957 ne, amma a ware wani abu saboda duwan. Layi mai tsawon kusan mita yana ƙara kuɗin aike kuma yakan lanƙwashe a hanya, saboda haka idan akwai ɗan'uwa mai dawowa daga Turai, gara a roƙe shi ya riƙo. Idan kayan hannu ne, a nemi bidiyon kan jirgin yana tafiya a hankali gaba da baya, a kuma tambayi irin ƙugiyar da ke haɗa taragun, domin ta wani kamfani ba lallai ta kama ta wani ba. A tabbatar ko jirgin na wutar DC ne mai bolt 12 ko na tsarin DCC, wato wanda ake sarrafa shi da saƙon dijital ta cikin dogo, sannan kada a sayi taransifomar Amurka mai 110, tun da wutarmu 220 ce.

Abin da ya zama dole a sayo daga waje kaɗan ne: layi, tayoyi, ƙugiyoyi da kan jirgi ɗaya mai kyau. Teburin kafintan unguwa zai yi shi, a shafa masa maganin gara, a ɗinka masa murfin yadi. Mai gyaran rediyo a kasuwar Dole ya iya haɗa waya da dalma. Jikin tarago kuwa, duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro zai iya yanka shi daga kwali mai ƙarfi ko siririn katako, muddin ya riƙe lissafinsa: a 1:87 mutum mai tsawon mita 1.75 milimita 20 ne, a 1:48 kuma milimita 36, kuma da wannan mutumin ake gwada tsayin ƙofar tarago da katangar tasha.