Kurakuran da sababbin zuwa ke yi a zaman kiɗan dauri na Amurka

Shekara shida ke nan ina zuwa zaman kiɗa na daren Laraba a wata mashaya a Ashbil, jihar Karolina ta Arewa. Ni dai lemo nake sha, kiɗan ne ya kai ni. Kiɗan mutanen tsaunukan Afalashiya ne na tun zamanin dauri: gogen Turawa mai tsirkiya 4, banjo mai 5, jita da wani ƙaton goge mai kaurin murya da ake kira bas. Banjon ne ya fara jan hankalina don ya yi mini kama da gurmi, kuma asalinsa daga bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne. To, na gaji da ganin baƙi suna tafka abin da na tafka.

Babban laifi shi ne kiran waƙa a wani sauti daban da wanda ake ciki. A wannan kiɗan, masu goge da masu banjo sai sun sake ɗaurin tsirkiya kafin su koma wani sauti. Da haruffa ake kiran sautukan, kamar A da D. Mai goge da zai shiga A yakan ɗaure tsirkiyoyinsa huɗu a kan AEAE, shi ya sa in an shiga D ana iya yin awa guda ba a fita ba. A mako na uku da fara zuwana, ana tsakiyar D, kiɗa ya yi daɗi har wani dattijo ya miƙe yana taka rawa a kan ɗan katakonsa, sai na buɗe baki na nemi wata waƙar A da na kwana ina koyo. Wuri ya yi tsit. Tsohuwar da ke jan zaman ta ɗora gogenta a gwiwa, ta dube ni, ta fara murɗa ƙusoshin ɗaure tsirkiya ba ta ce uffan ba. Mutum bakwai suka yi ta murɗe-murɗe, mai rawa ya naɗe katakonsa ya koma kujera. Da suka gama, hannuna rawa yake, na kasa ko fara waƙar. Wata biyu ban sake leƙa wurin ba. Yanzu in na iso, tun kafin in buɗe akwatin banjona nake tambayar wane harafi ake ciki, kuma ba na kiran waƙa sai an ce in kira. Wasu na ganin na cika tsoro. Su ba a murɗa musu ƙusa a gaban jama'a ba.

Na biyu, masu jiran a ba su fili su nuna gwaninta. Malam, ka ɓata hanya! Wannan al'adar bulugiras ce, wani salon kiɗa daban da Bill Monroe ya kafa a shekarun 1940. A nan kowa tare yake kaɗawa daga farko har ƙarshe, goge ne a gaba. Waƙa yawanci gaɓa biyu ce, kowace sau biyu, a yi ta zagayowa har wanda ya fara ya ɗaga ƙafa. Ɗaga ƙafar nan na nufin zagayen ƙarshe. In idonka na kan yatsunka, kowa zai tsaya a bar ka kai kaɗai kana ƙwanƙwasa.

Kai mai jita, rage ƙarfi, aikinka riƙe bugu ne. Farcen ƙarfe da ake sawa a yatsu kuma a bar shi a gida, banjon nan da bayan farce ake dukansa, babban yatsa na taɓa gajeriyar tsirkiya. Kada ka zauna a da'irar ciki, wajen manyan makaɗa, ranar farko. Kada ka ɗauki bidiyo ba ka tambaya ba.

Ka kuma sayi wani abu, ko da soyayyen dankali ne, don mai wurin ba kuɗin haya yake karɓa ba. Kafin ka zo, ka saurari faifan shahararren mai goge Tommy Jarrell, wanda ya rasu a 1985, har kunnenka ya saba. In da hali ka je taron masu goge na garin Galaks a jihar Bajiniya, wanda ake yi tun 1935, ka kwana a tanti ka yi ta sauraro.