Yadda za ka ciro maƙala daga shafin mujalla kafin data ta ƙare

A sashen intanet na ɗakin karatun jami'a nake aiki, kuma kukan ɗaliban digiri na biyu kusan ɗaya ne: ga maƙala suna gani, amma shafin mujallar ya hana su kaiwa gare ta. Shawarata ta farko, ka ƙyale akwatin bincike na shafin mujallar. Da yawansu ko harafi ɗaya ka kuskure sai su ce babu.

Fara da Google Scholar. Rubuta taken maƙalar yadda yake, sannan ka duba gefe ko akwai alamar PDF. In babu, danna "All versions" da ke ƙasa, domin sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. In kana da lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala, wadda kullum take farawa da 10, liƙa ta bayan doi.org/ ta kai ka kan maƙalar kai tsaye, ba sai ka bi mujalladi da fitowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Binciken gida kuwa shafin AJOL (African Journals Online) za ka nufa. Tun 1998 yake tattara mujallun Afirka, ciki har da BAJOPAS, mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero. A nan ne masu waya ke shan wahala. Mujallu da dama kan buɗe PDF a cikin wani ƙaramin falle, rubutu ƙanana kamar tururuwa, kana ja yana zamewa. Kada ka karanta a wurin. Nemi kibiyar saukewa a saman kusurwa, ka sauke, nan take ka sauya sunan fayil ɗin zuwa sunan marubuci da shekara. Wanda ya bar shi da lambobin da ya zo da su, ranar rubuta babi na biyu sai ya sake sayen data.

In aka ce ka biya dala 30 ko 40, dakata. Tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku ta yi rajista da Research4Life, shirin da ke ba makarantun ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa. A ƙarƙashinsa Hinari na harkar lafiya yake, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, sai AGORA na harkar noma. In hakan bai yiwu ba, akwai adireshin imel na marubuci a shafin farko. Rubuta masa layi uku cikin ladabi, ka ambaci taken da abin da kake bincike a kai. Da yawa suna aikowa da murna.

Mujallar da ba ka santa ba kuma, mai iƙirarin kyauta ce, duba sunanta a DOAJ, kundin mujallun kyauta da aka tantance, kafin ka kafa hujja da ita.