Ga ƙannena da suka sauka Niyok kwanan nan: a kula da Morris ɗin da ke cikin zuciya

Salamu alaikum 'yan uwa, sannunku da zuwa, ya gajiyar hanya. Kafin in shiga zancen haya da aiki bari in baku labarin wani tsohon fim da na kalla, irin na da ɗinnan marar magana, sai dai rubutu ya riƙa fitowa a allo. Sunansa His People, na shekarar 1925, Edward Sloman ne ya bada umarni. Wallahi ina kallo ina ganin mutanenmu na unguwar Bronx ta nan Niyok.

Wani dattijo ne Bayahude, David Cominsky, ya baro Rasha da iyalinsa ya sauka unguwar Lower East Side, mutum mai ilimin addininsu amma a Amurka sai tura kura yana sayar da kaya a bakin titi. 'Ya'yansa biyu. Morris shi ne ɗan lele, mai karatun lauya, duk wani kwabo kansa yake tafiya. Sammy kuma ɗan dambe ne, uban ya kore shi daga gida saboda hakan, alhali guminsa ne ke riƙe da gidan. Tsohon nan har rigar sanyinsa ya rabu da ita don Morris ya samu kwat ɗin shiga manya, sanyi ya kama shi ya kwanta, shi kuwa Morris da ya samu 'yar alƙali zai aura sai ya ce musu shi maraya ne, ranar da uban ya zo inda ake walima ya nuna bai san shi ba. Nan ne hawaye suka zubo min gaskiya.

To abin da yasa na kawo wannan, garin nan yana yi wa mutum haka a hankali ba tare da ya sani ba. Ka zo da buri, kuma burin ba laifi bane, amma gida an sayar da gona ko an ci bashi kafin ka hau jirgi, waya ba ta daina ƙara. Wasu sai su daina ɗauka, wasu kuma su riƙa tura abin da basu da shi har su kasa biyan haya. Duka biyun na gani da idona, duka ba daɗi.

Shawarata tun watan farko ka kira Baba da Inna ka faɗa musu gaskiya, nawa kake samu, nawa ɗaki yake ci, nawa jirgin ƙasa da abinci. Ka yanka abin da zaka iya turawa duk wata ko kaɗan ne, ka tsaya a kai. Dala hamsin da ke zuwa kan lokaci ta fi ɗari biyar ta alkawari. Kuma don Allah a rage hoto a jikin motar mutane ana sawa a Facebook, shi ke sa gida su ɗauka kuɗi ake shara a titi.

Aiki kuma kada ka ji kunyarsa, kai abinci a keke ne, wanke kwano ne, gadi ne, kitso ne ga 'yan uwa mata, duk halal ne. Sai dai kada ka bari ya cinye karatun. Laburaren birnin Niyok suna koyar da Turanci kyauta, ka je reshen da ke kusa da kai ka yi rijista. Ka nemi katin IDNYC, wato katin shaida na birnin Niyok, shi ma kyauta ne kuma basa tambayar wace irin takarda ka shigo da ita. In baka da lambar Social Security, wato lambar da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji, akwai wata lamba mai suna ITIN da ake biyan haraji da ita, a tsakiyar Afrilu ake rufe cike takardun, ka ajiye duk wani rasit.

Rigar sanyi mai kauri da takalmi ka saye su kafin Disamba, kafin ka tura ko sisi gida a wannan watan, sanyin nan ba irin hunturunmu bane.

Ran Juma'a ka nemi masallaci, a Bronx da Harlem wajen titi na 116 zaka ji Hausa, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana da namu na Najeriya, a nan ake jin labarin ɗaki da aiki. Ranar da ka samu hutu kuma ka leƙa gidan tarihi na Tenement Museum a titin Orchard da ke Lower East Side, ka ga ƙananan ɗakunan da irin su Cominsky suka cunkushe a ciki, in ka fito ka kira gida tun basu kwanta ba don sun fi mu awa biyar zuwa shida.