Cike ramin kwal da ɓaraguzansa: inda aka fi yin kuskure

Ba a haƙar kwal a Zariya, amma ɗaliban injiniya da na ilimin duwatsu a Samaru suna karanta shi, wasunsu ma a haƙar kwal ɗin abincinsu yake. Kwal irin na Enugu, da aka gano a 1909, ta ƙarƙashin ƙasa aka riƙa fito da shi. Idan an kwashe, kogo ne ke saura, rufinsa ya yi ta saukowa har gidajen da ke sama su tsattsage. Maganin shi ne a mayar da duwatsun da aka tsame daga kwal, da tokarsa, a cike kogon.

Babban kuskure shi ne a zuba a tafi. Duk wanda ya ga yadda ake cike kududdufi da shara a cikin birni, a ɗora gini, bango ya buɗe baki bayan damina biyu, ya san zancen. Manyan duwatsu zalla suna barin sarari a tsakaninsu. Da nauyi ya hau sai su lotsa. A farfasa su, a gauraya da ƙanana da toka, a danne hawa-hawa. Kuma dole cikon ya taɓa rufin kogon. Tazarar taku ɗaya da aka bari a sama, rufin zai sauko ya cinye ta kafin cikon ya fara ɗaukar komai. Jinkiri ma haka yake: rufin da ya riga ya sunkuyo ba ya komawa.

Masu dama ciko da siminti su tura ta bututu sukan cika ruwa don kada bututu ya toshe. Aikin yakan yi sauri, amma cikon sai ya tsotse ya yi rauni. A riƙe daskararrun kaya wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa, a kuma bar wa ruwan hanyar fita.

Wanda ya fi damuna shi ne rashin gwada ɓaraguzan. Wasu na ɗauke da fayirait, dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare. Ya haɗu da iska da ruwa, ruwan ya yi tsami, ya gangara rijiyoyin mutane. Ragowar kwal a ciki kuma kan ɗau zafi har ya kama wuta da kansa. A kai samfuri ɗakin gwaji tukuna. Idan akwai tsami, a haɗa da farar ƙasa, a toshe kafofin iska.

Bayan ciko, a kafa turakun awo a saman ƙasa, a riƙa duba su shekara da shekaru, musamman bayan damina.