Kujerar na-ƙi a ayyukan manhajar sa-kai: inda ake yawan yin kuskure

A aikin sa-kai na manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa zai iya duba rubutunta ya gyara, ba wanda ke biyan wani albashi, saboda haka ba mai ba wani umarni. Sai an fahimci juna ake gaba. Shi ya sa wasu al'ummomin suka bai wa membobinsu damar hawa kujerar na-ƙi, wato mutum ɗaya ya tsayar da canji. Tsarin yana da kyau, yadda ake amfani da shi ne ke korar mutanen kirki.

Mafi munin kuskure shi ne na-ƙi ba tare da hujja ba. A gidauniyar Apache mai kula da irin waɗannan manhajoji, wadda aka kafa a 1999, ana jefa ƙuri'a da +1 (goyon baya) ko 0 (ba ruwana) ko -1 (ƙin yarda). Idan gyara ne a cikin rubutun manhaja, -1 daga mai ikon ƙuri'a tana tsayar da shi, kuma komai yawan masu goyon baya ba za su ture ta ba, sai dai mai ita ya janye. Amma akwai sharaɗi: dole ya kawo dalili na fasaha, in ba haka ba ƙuri'arsa ba ta da daraja. Dubi bambancin waɗannan biyun. Wani ya rubuta "-1, bai kwanta mini ba." Wani kuma ya rubuta "-1, wannan gyaran zai sa kalmar sirrin masu amfani ta riƙa fitowa a fayil ɗin rajista, ga layin nan. In an rufe ta zan janye." Na farko ya toshe hanya ya tafi abinsa. Na biyu ya nuna ramin, ya kuma faɗi abin da zai gamsar da shi. A ganina duk wanda ya hau kujerar nan ya ɗauki nauyi ne, kuma ya wajaba ya zauna a tattauna har a warware. Idan aikinku bai rubuta wannan sharaɗin ba, ku rubuta shi tun kafin rigima ta taso, domin a tsakiyar rigima kowace sabuwar doka za a ce da wani ake.

Akwai kuma masu kai na-ƙi inda ba hurumin ta ba. A Apache ba a hawa kujerar na-ƙi a kan fitar da sabuwar siga: ana buƙatar aƙalla +1 guda 3 daga masu iko, kuma su fi -1 yawa. Ku fayyace a rubuce abin da mutum ɗaya zai iya tsayarwa da abin da rinjaye ke yankewa.

Kuskure na gaba ya fi ɓuya, shi ne ɗaukar cimma matsaya a matsayin kowa ya ce i. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta yi bayanin wannan a takardarta RFC 7282 ta 2014. Abin da ake nema shi ne kowace ƙorafi a saurare ta a auna ta a ba ta amsa, ko da ba a yi abin da mai ita ke so ba. Wannan yana da fuska biyu. Mutum ɗaya mai maimaita maganar da aka riga aka amsa ba zai riƙe kowa ba. Haka nan mutum ɗari ba za su danne ƙorafi ɗaya na gaskiya da ba a amsa ba. Tambayar da jagora zai yi ita ce "wa ke da dalilin da zai hana mu yin wannan?", ta fi "wa ya yarda?" amfani nesa ba kusa ba.

Shiru ma ana kuskure a kansa. Wasu suna jira sai kowa ya yi magana, aiki ya kwanta wata da watanni. Wasu su sanar da dare su zartar da asuba. A wasu batutuwa Apache na ɗaukar shiru a matsayin yarda, amma al'adarsu ita ce a ba da aƙalla awa 72, domin 'yan sa-kai suna warwatse a duniya, kuma da ragowar lokacinsu suke aikin.

Sai rashin hanyar raba gardama idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 2014 kwamitin fasaha na Debian, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ya rabu gida biyu, 4 da 4, kan ko za a koma amfani da systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji idan an kunna kwamfuta, shugaban kwamitin ya raba gardamar da ƙuri'arsa kamar yadda kundin tsarinsu ya tanada. Wasu sun ɓalle sun kafa tasu manhajar mai suna Devuan, amma aikin Debian bai tsaya ba. Al'ummar Python kuwa, wani yaren rubuta manhaja, ta daɗe tana dogaro da hukuncin mutum ɗaya, Guido van Rossum. Da ya sauka a Yulin 2018 bayan taƙaddama kan wata shawarar gyara yaren mai lamba PEP 572, bai naɗa magaji ba, sai da al'ummar ta shafe watanni tana tsara sabon tsari kafin ta zaɓi majalisar mutum 5 a farkon 2019. Ko ƙaramin aiki ne, ku rubuta wa ke yanke hukunci idan an cije, cikin kwana nawa, da kuma yadda za a sauke shi idan ya wuce gona da iri.