Shawara ga 'yan uwa mazauna Bronx da Harlem: ku kai yara Schomburg

Assalamu alaikum jama'a. Iyaye da yawa suna kukan cewa yaranmu da aka haifa a nan Amurka ba su san komai ba game da tarihin baƙar fata, sai ɗan abin da ake taɓa musu a makaranta cikin watan Fabrairu. To ga wata dama nan kusa da gida.

Ku hau jirgin ƙasa lamba 2 ko 3, ku sauka a tashar titi na 135. Kuna fitowa ga Cibiyar Schomburg nan a kan titin Malcolm X. Cibiyar binciken tarihi da al'adun baƙar fata ce, reshe ce ta laburaren birnin New York, shiga kyauta ne.

Asalinta tarin littattafai da takardun wani mutumin Puerto Rico ne, Arturo Schomburg, aka sayi tarin aka ba laburaren a 1926. Yau akwai hotuna, jaridun da, faifan muryoyi, har da takardun Malcolm X da kansa, shahararren mai fafutukar 'yancin baƙar fatan Amurka. Wannan ɗin ne ya fi taɓa ni, don Musulmi ne, ya yi aikin Hajji a 1964, a shekarar kuma ya zo Najeriya. Yaron da ya ji wannan zai ga tarihin ba na wasu can ba ne.

Ku fara da zauren baje koli, ya fi dacewa da ƙananan yara. Mai son duba tsofaffin takardu kuwa ya nemi lokaci ta intanet tukuna, ya yi katin laburare, ya tafi da fensir don ba a shiga da biro. Kafin ku fito ku duba ranakun buɗewa.