Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Juya Tururin Ƙarfe da Filin Lantarki a Waldar Leza

Tun da na kafa injin waldar leza a shagona da ke Sabon Garin Zariya, ɗalibai masu aikin kammala karatu suke zuwa da buƙata iri ɗaya. Suna so su kafa farantan jan ƙarfe biyu a gefen wurin da hasken ke sauka, su ba su wuta, su ga ko filin lantarkin da ke tsakaninsu, wato ƙarfin ja da turi da wutar ke haifarwa, zai kawar da tururin ƙarfe daga hanyar hasken. Tunanin yana da tushe. Idan hasken leza ya taru a ɗigo ɗaya, ƙarfe ba narkewa kawai yake yi ba, tafasa yake, domin zafin wurin yana kaiwa kusan digiri 2,860 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan wani siririn rami mai zurfi yake buɗewa, tururi ya taso daga cikinsa ya bi hanyar da hasken ya biyo, ya warwatsa shi, sai zurfin walda ya riƙa hawa da sauka, tartsatsi ya yawaita. Amma na gaji da ganin kurakurai iri ɗaya kowace shekara, kuma biyu daga cikinsu sai da suka taɓa aljihuna kafin na gane su.

Kuskuren da kowa ke farawa da shi shi ne ɗaukar filin lantarki kamar fanka, wadda ke kore duk abin da ya zo gabanta. Filin ba ya jan komai sai abin da ke ɗauke da caji. Tsofaffin injinan CO2, masu tsawon zangon haske na maikuromita 10.6, suna zafafa tururin har ya zama filasma mai kauri, wato tururi mai cike da caji, shi ya sa ake ba su iskar hiliyam wadda ba ta saurin ɗaukar caji kamar argon. Injinan faiba da ake shigo mana da su daga Sin kuwa zangonsu kusan maikuromita 1.07 ne, tururinsu kaɗan ne daga cikinsa ke da caji, kuma abin da ya fi tare hasken shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke daskarewa a cikin hayaƙin. Saboda haka wanda ya karanta sakamakon gwaji a kan injin CO2, ya zo yana jiran ganin irinsa a kan faiba, ya fara aikinsa a karkace.

Daga wannan rashin fahimta ake faɗawa cikin kuskuren da ya fi cina rai. Mutum ya ga tururi bai karkata ba, sai ya ƙara wuta, ya matso da farantai kusa. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa mini da lissafinsa a takarda, ya ce: "Oga, busasshiyar iska ba ta barin wuta ta tsallaka sai an kai kusan volt 3,000 a kowace milimita, mu kuwa ko kusa ba mu kai ba." Lissafinsa daidai ne, ni ma na duba na amince, kuma laifin amincewar nawa ne. Abin da muka manta shi ne, da zarar an kunna leza, abin da ke tsakanin farantan ba busasshiyar iska mai sanyi ba ce, iskar argon da ake hura wa walda ce da tururin ƙarfe mai tsananin zafi, kuma dukansu sun fi iska saurin ba wuta hanya nesa ba kusa ba. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba muka ji ƙara kamar an karya kara, wani shuɗin zare ya tashi daga faranti ya sauka a bakin kan leza, allon injin ya mutu. Wata uku injin yana rufe da tamfol ina jiran kayan gyara, masu aiki suna zuwa suna komawa. Abin takaicin shi ne har yau ina ganin masu miƙa hannu ga makunnin ƙarin wuta kafin su tambayi kansu me ya sa tururin bai motsa ba. Wannan ganganci ne, kuma ba na lamuntarsa a shagona. Ƙa'idata yanzu ita ce a fara da wuta kaɗan, a sa rizisto babba, wato abin da ke rage gudun wuta, a layin domin ko wuta ta tsallaka ta zo da rauni, a tabbatar kan leza ya fi nisa da kowane faranti fiye da tazarar da ke tsakanin farantan kansu, sannan a ɗaure kan da teburin aiki da wayar ƙasa mai kauri. Wasu na ganin na cika tsoro, amma ba su ne suka biya kuɗin gyaran ba.

Kuskure na biyu da ya taɓa aljihuna shi ne kashe iskar da ke hurowa ta gefe a ƙarƙashin gilashin kariya na kan leza, wai don kada ta rikita gwaji. Na fahimci dalilin, domin idan iska tana kore tururi, da wuya a gane abin da filin lantarki ya yi shi kaɗai. To amma filin ba ya tare tartsatsi. Ɗigon narkakken ƙarfe yana da nauyi, yana fitowa da gudu, ba ruwansa da farantai. Ranar da na yarda aka kashe iskar, bayan layin walda na huɗu na zaro gilashin na ɗaga shi a hasken ƙofa, na ga baƙaƙen ɗigo uku kamar kashin ƙuda, ɗaya ya riga ya ƙone ya yi zobe. Yaron shagona ya ce a goge a mayar, na biye masa, gilashin ya sha zafi ya tsage, lens ɗin da ke bayansa, wato gilashin da ke tara hasken a ɗigo ɗaya, ya tafi tare da shi. Gilashin kariya abu ne mai araha, lens kuwa ba haka ba. Yanzu ina barin iskar sama a kunne kullum, in ɗaga ta nesa da aikin, farantai kuma su tsaya ƙasa kusa da bakin ramin, inda tururin ya fi zafi kuma ya fi caji.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata sakamako. Farantai suna tara baƙin toka, don haka a goge su bayan kowane layi. Ƙurar hunturu da raɓar damina duk suna sa wuta ta silale ta jikin abin da ke riƙe da farantan, ni kuwa da auduga da sifirit nake share su kowace safiya. Kada a yi gwaji da ƙarfe mai rufin tutiya irin na kwanon rufi, domin tutiya tana tafasa a digiri 907, tun kafin ƙarfen ya narke, sai ta cika wurin da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Kada kuma a yanke hukunci da kallon saman walda. A yanka ta a tsakiya, a goge, a auna zurfinta, a maimaita aƙalla sau biyar da filin a kunne, sau biyar a kashe. Bayan an kashe wuta, a taɓa farantan da sandar da aka haɗa da ƙasa kafin hannu ya kai, saboda kafasito, abin da ke ajiye wuta a cikin na'urar, yana riƙe caji.

Akwai kuma masu zaton filin yana tsarkake hayaƙi. Karkatar da shi kawai yake yi, wani lokaci ma zuwa fuskar mai aiki, alhali tun 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji. Na'urar zuƙe hayaƙi dole ce. Haka nan hular waldar wuta da muka saba da ita ba ta kare ido daga hasken faiba, wanda ba a ganinsa, kuma yana ratsawa har bayan ido ko da daga jikin faranti mai sheƙi ya dawo. Duk wanda ba shi da tabarau da aka rubuta zangon nanomita 1,070 (wato maikuromita 1.07) a jikinsa, a waje yake tsayawa har a gama.